Suna a Baki, Tsingaro a Ƙasa: Sharhi a kan Binciken Kufai na Ƙasar Dendi

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda sharhi ce a kan wani binciken kufai da aka gudanar a ƙasar Dendi, a arewacin Jamhuriyar Benin, daga shekarar 2011 zuwa 2015, da kuma muhawarar da ta biyo bayansa. Anne Haour ta Jami'ar East Anglia da ke Ingila ita ce ta jagoranci aikin, da tallafin hukumar bincike ta Tarayyar Turai. Cikin abokan aikinta akwai Didier N'Dah na Jami'ar Abomey-Calavi a Benin, da Olivier Gosselain na Jami'ar Brussels, da Alexandre Livingstone Smith na gidan tarihi na Tervuren a Beljiyam. An tattara sakamakon a littafin Two Thousand Years in Dendi, Northern Benin, wanda kamfanin Brill ya fitar a ƙarshen 2018.

Mai yiwuwa ɗalibin harshe ya ce ina ruwansa da tone-tonen ƙasa. Amsar ita ce, babban kufan da aka haƙa sunansa Birnin Lafiya, wato sunan Hausa tsantsa, kuma yankin yana kan hanyar da fataken Hausa suka bi zuwa Gwanja. Saboda haka duk abin da aka faɗa a kan Dendi ya shafi tarihin yaɗuwar Hausa. Manufar takardar ita ce ta nuna abin da binciken ya tabbatar, da abin da bai tabbatar ba, da kuma inda aikin ya koma hannun masu nazarin harshe.

2.0 Ƙasar Dendi da Abin da Aka Saba Faɗa a Kanta

Dendi a yau yanki ne da ke gaɓar Kogin Kwara inda ƙasashe uku suka haɗu. A gefen Nijar akwai Gaya. A gefen Nijeriya akwai Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi a Jihar Kebbi, da kuma Illo. A gefen Benin kuwa akwai Malanville da Karimama da ƙauyukan da ke tsakaninsu, ciki har da Tumbutu, wanda taswirar Faransanci ke rubutawa Toumboutou. Harshen Dendi reshe ne na Songhai, ɗan'uwan Zabarmanci. Ban da shi ana jin Hausa da Fulatanci da harshen Gurmawa a kasuwannin yankin.

Abin da aka daɗe ana koyarwa shi ne, Dendi lardi ne na kudancin daular Songhai, kuma mahaɗar manyan dauloli. Madogarar wannan magana ita ce littattafan tarihi na Tambutu, musamman Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'di, wanda aka rubuta wajen 1655. A cikinsa ne aka samu labarin yaƙin Askiya Muhammadu da Bargu wajen 1505, da tawayen Kanta na Kabi wajen 1516, da kuma yadda Askiya Nuhu ya ja daga a Dendi bayan sojojin Maroko sun karya Songhai a Tondibi a 1591. Sai dai marubucin mutumin Tambutu ne da Janne, kuma ya yi rubutu ne shekaru da dama bayan aukuwar abubuwan. Paulo de Moraes Farias ya nuna a 2003 cewa waɗannan littattafai suna da manufar siyasa ta zamaninsu, don haka bai kamata a ɗauke su tamkar rahoton ganau ba. Bugu da ƙari, ba lalle ne Dendin da al-Sa'di yake nufi ta yi daidai da Dendin taswirar yau ba. Suna yakan yi ƙaura kamar yadda mutane suke yi.

3.0 Abin da Aka Tono

Masu binciken sun taka ƙasa tsakanin Pekinga da ƙauyukan gabashin Malanville, suka yi rajistar ɗaruruwan kufai, suka haƙa ramukan gwaji a wurare da dama kamar Tin Tin Kanza da Gorouberi da Molla da Madekali da Tumbutu. Amma inda aka fi zurfafa aiki shi ne tudun da ke kusa da garin Birnin Lafiya, wanda aka bayyana sakamakonsa a mujallar Antiquity a 2016. Faɗin tudun ya kai kimanin hekta 26, kuma awon kimiyya ya nuna an zauna a kansa tun daga wajen ƙarni na 4 har zuwa ƙarni na 13 na Miladiyya. Tudun ba halittar Allah ba ce kamar dutse. Ginin ƙasa ne ya riƙa rushewa ana sake gini a kansa, tare da toka da shara, har ya yi tsibi.

An samu ragowar ɗakunan ƙasa, wasunsu zagayayyu, da kaburbura, da duwatsun ado, da tukwane masu yawan gaske. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne daɓen tsingaro, wato a jera fasassun tukwane a ƙasa da tsari har su zama daɓen ɗaki ko tsakar gida. An san irin wannan daɓe a Ile-Ife ta ƙasar Yarabawa, an kuma same shi a Daima kusa da Tafkin Cadi, inda Graham Connah ya yi haƙa a 1965 da 1966. Har ila yau, Louis Champion da Dorian Fuller sun tace ƙasar ramukan, suka samu ƙonannun ƙwayoyin gero da na shinkafar Afirka, abin da ke nuna mutanen sun noma tudu sun kuma noma fadama. Caroline Robion-Brunner ta bi sawun wuraren narka tama, shi kuma Gosselain ya zaga gari gari yana hira da dattawa a kan ginin tukwane da saƙa da rini.

4.0 Inda Aikin Ya Yi Armashi

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne, masu binciken ba su matsa wa ƙasa ta faɗi abin da suka zo nema ba. Sunan aikin nasu yana nufin mahaɗar dauloli, amma abin da suka tarar shi ne al'umma zaunanniya mai noma da su da ƙira, wadda ta rayu shekaru ɗaruruwa kafin Songhai ta zama daula a ƙarni na 15. Wannan ya zo daidai da abin da Roderick da Susan McIntosh suka fara nunawa a Janne-jeno ta Mali tun 1977, cewa manyan garuruwan Kogin Kwara ba su jira zuwan wani sarki ko wani baƙo daga arewa ba kafin su kafu.

Abu na biyu shi ne haɗa fannoni. A da, mai haƙa yakan yi nasa, mai tattara tarihin baka ya yi nasa, ba sa haɗuwa sai a wurin taro. A nan an sa su a mota guda. Ɗalibin da ya karanta maƙalar Abdullahi Smith ta 1970 a kan kafuwar sarautu a ƙasar Hausa, ko ta John Sutton ta 1979, zai tuna cewa abin da suke kira a yi ke nan: a rage dogaro da labarin Bayajida, a dubi ƙasa da kufai da harshe. Ita Haour ɗin ma ta fara aikinta ne a Kufan Kanawa ta Jamhuriyar Nijar, wurin da tarihin baka ke dangantawa da asalin mutanen Kano, don haka matsalar suna da kufai ba baƙuwarta ba ce.

5.0 Wuraren Muhawara

5.1 Sunan Gari da Mutanen Tudu

Ɗalibi na jin Birnin Lafiya, zuciyarsa za ta raya masa cewa Hausawa ne suka yi wannan daɓe tun ƙarni na 10. Wannan kuskure ne da ya kamata a kauce masa. Sunan na garin da ke raye ne a yau, masu bincike suka ara suka laƙaba wa tudun don yana kusa da shi. Tsakanin tashin mutanen tudun da hirar da aka yi da dattawan garin akwai shekaru kusan 700. Tsingaro ba ya magana, ba zai gaya mana harshen wadda ta gina tukunyar ba. Haka nan Tumbutu ta Malanville, sunanta ya yi kama da Tambutu ta Mali, kuma kunne yana son irin wannan kama. Amma kama da wane ba ta wane. Kafin a ce wannan daga wancan ya fito, sai an bi ƙa'idojin sauyin sauti da karin harshe, an kuma ji yadda masu garin suke furta sunan da yadda suke fassara shi.

Misalin Kengawa ya isa darasi. Su ne ake ɗauka cikin tsofaffin mazauna yankin Gaya da Illo da Kamba, kuma harshensu na asali daga dangin Mande yake. A yau mafi yawansu a gefen Nijeriya Hausa suke yi, a gefen Nijar da Benin kuwa Dendi ko Zabarmanci. Mutane ɗaya ne, ƙasa ɗaya, amma harshe ya sauya. Idan haka ta faru cikin 'yan ƙarnonin da muka sani, to, mene ne bai faru ba cikin shekara dubu?

5.2 Giɓin Ƙarni na 14

Muhawara mafi zafi ita ce dalilin da ya sa aka bar manyan tuddan nan. Birnin Lafiya ba ita kaɗai ba ce. An bar Janne-jeno wajen 1400, kuma an ga alamun raguwar jama'a a Kirikongo ta Burkina Faso da wasu garuruwa masu ganuwa a kudancin Gana a kusan wannan zamani. Gérard Chouin da wasu masana sun kawo shawara a mujallar Afriques a 2018 cewa wataƙila annobar nan da ta halaka mutanen Masar da Turai daga 1347 ta ƙetaro Sahara. Shawarar tana da ƙarfi ta fuska guda, domin tana bayyana dalilin da ya sa garuruwa masu nisa da juna suka mutu a lokaci kusan ɗaya.

To amma akwai abin dubawa. Na farko, a lokacin da aka buga waɗannan maƙalu ba a samu ƙwayar cutar a ƙashin wani mamaci na Afirka ta Yamma ba, alhali a Turai an same ta. Na biyu, idan har an bar tudun Birnin Lafiya a ƙarni na 13, to, ya riga annobar mutuwa. Na uku, barin tudu ba ya nufin ƙarewar mutane. Kogi yana sauya hanya, fadama tana bushewa, yaƙi yana sa a koma tsibiri ko bayan ganuwa. Mutanen da suka koma zama a bukkokin zana da ciyawa ba za su bar tsibin ƙasa ba, ko da sun fi na da yawa. A ganin wannan takarda, batun annoba hasashe ne mai amfani don yana nuna abin da za a nema a ƙasa, amma bai kai matsayin da za a rubuta shi a littafin makaranta a matsayin tabbataccen abu ba.

5.3 Ina Daulolin Suka Shiga?

Abin mamaki shi ne, zamanin da rubutattun littattafai suka fi surutu a kansa, wato ƙarni na 15 da na 16, shi ne ƙasa ta fi yin shiru. Ana iya fassara wannan ta hanya biyu. Mai ra'ayi na farko zai ce ikon Askiyoyi a wannan yanki bai wuce hari da karɓar gandu ba, shi ya sa bai bar alama ba. Mai ra'ayi na biyu zai ce rashin gani ba ya nufin babu, domin ramin gwaji 'yan taku ne kawai, kuma garuruwan wancan zamani mai yiwuwa suna ƙarƙashin gidajen da ake zaune cikinsu yau, inda ba a iya haƙa yadda ake so. Ra'ayi na biyu ya fi kusa da adalci, amma shi ma yana da haɗari, domin da shi ana iya kare kowane labari komai rauninsa. Abin da ya dace shi ne a tambaya: wace alama daula take bari? A Surame, babban birnin Kanta, amsar a fili take, ga ganuwar dutse nan tsaye. A lardin da ke nesa da fada kuwa, mulki yakan zauna ne a cikin sunan sarauta da kirari da salsalar gida, kuma waɗannan ba a tono su da magirbi.

5.4 Fatake da Iyakar Awon Kimiyya

Ana gane shekarun kufai ne ta hanyar awon kabon-14 a jikin gawayi ko ƙashi ko ƙwayar hatsi. Duk mai rai yana ɗaukar wannan sinadari, idan ya mutu sai ya riƙa raguwa, rabinsa yana tafiya cikin shekara 5,730. Matsalar ita ce yawan sinadarin a iska bai tsaya wuri ɗaya ba, saboda haka abin da ya mutu tsakanin wajen 1650 da 1950 yakan ba da amsoshi da yawa waɗanda ba a iya zaɓen ɗaya cikinsu. Wannan kuwa shi ne ainihin zamanin da ya fi shafar mu. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci zuwan Wangarawa a zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, da fataucin Gwanja a zamanin Yakubu, 1452 zuwa 1463. Amma bunƙasar ayarin goro, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a 1980, ta ƙarni na 18 ce da na 19, lokacin da madugai ke ƙetare Kwara su ratsa Bargu zuwa Salaga.

Ke nan a kan tambayar da ɗalibin Hausa ya fi so a amsa, wato yaushe Hausawa suka fara zama a Dendi, ma'aunin kimiyya ba shi da kaifi. Kuma kayan fatake, goro da kanwa da tufafi da fata, ba sa daɗewa a ƙasa. Abin da ke saura shi ne wuri da tsakiya da ramukan karofi. A nan littafin ya dogara ne ga hirarraki, kuma nan ne mai sharhi zai so a ce an ba kalmomin kansu fili fiye da haka, a bi kowace kalmar sana'a a ga daga inda ta fito.

6.0 Gaɓa Ɗaya ta Kogi

Babban raunin aikin ba laifin masu shi ba ne kai tsaye, amma dole a faɗe shi. An yi haƙar ne a gefen Benin, alhali Dendi ƙasa ce mai gaɓa biyu. Kogin da ya zama iyaka a zamanin Turawa, ga mutanen da hanya ce. Duk hukuncin da aka yanke a kan tashin garuruwa ko shirun ƙarni na 15 zai zauna da ƙafa ɗaya har sai an yi irin wannan aiki a Gaya da Kamba da Illo. Mai yiwuwa mutanen da aka rasa a wannan gaɓa suna waccan.

Lokaci kuma ba ya jira. Tun daga 2021 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a arewacin Benin, musamman kewayen gandun dajin W da ke maƙwabtaka da Karimama, sannan a 2023 aka rufe iyakar Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar. Abin da ya samu kufan Bura a Nijar ya isa gargaɗi: bayan haƙar Boubé Gado ta 1983 ta fito da sunan wurin, masu haƙar sata suka yi wa yankin kaca-kaca don sayar da gumakan ƙasa a Turai. Tsingaro dai yana iya jiran wata shekara ɗari a ƙasa idan an bar shi. Dattijon da ya san sunan kowane kayan marina ba zai jira ba.

Akwai kuma batun harshe. An rubuta littafin da Ingilishi a kan ƙasar da harshen hukumarta Faransanci ne, mutanenta kuma Dendi da Hausa suke ji. Wannan giɓi ba Turawa ne za su cike mana shi ba. Aikin sassan harsuna ne irin namu.

7.0 Aikin da Ya Rage wa Ɗalibin Harshe

Ana iya fara aikin da abu uku. Na ɗaya, a tattara kalmomin rini da saƙa da ƙira da fatauci a Dendi da Zabarmanci da Hausar Kabi da ta Arewa, a jera su a ga wanda ya ara daga wani. Idan kalmomin marina a wani gari na Hausa ne amma na su da na jirgin ruwa na Songhai ne, to, an samu shaidar da gawayi bai iya bayarwa ba. Na biyu, a rubuta sunayen garuruwa da unguwanni da zanguna da karin sautinsu, domin rubutun Faransanci da na Ingilishi sun ɓatar da tsawon wasali da karin sauti, waɗanda da su ake gane asalin suna. Na uku, a ɗauki kirarin sarautu da salsalar gidaje yadda aka faɗe su, a rubuta wanda ya faɗa da inda ya faɗa da harshen da ya yi amfani da shi, ba a taƙaita su cikin wani harshe ba. Shi ma wannan aiki yana da iyaka: aron kalma yana nuna an yi cuɗanya, amma ba ya faɗin shekarar da aka yi ta.

8.0 Kammalawa

Binciken Dendi ya tabbatar da cewa gaɓar Kwara a wajen Malanville da Karimama tana da manyan matsugunai tun ƙarni na 4, masu noman gero da shinkafa da fasahar gini, kafin a ji sunan Askiya ko Kanta. Bai tabbatar da harshen waɗannan mutane ba, bai warware dalilin tashinsu ba, kuma bai iya sa wa zuwan fataken Hausa shekara ba. Darajar littafin ita ce bai ɓoye waɗannan giɓɓa da labari mai daɗi ba. Ɗalibin da zai yi amfani da shi ya riƙa raba abu uku a duk shafin da ya karanta: abin da aka tono, da abin da aka ji daga baki, da abin da marubuci ya yi hasashe. Idan ya saba da wannan rabo a kan Dendi, zai iya yin amfani da shi a kan Dala da Turunku da Kufan Kanawa, inda son zuciya ya fi kusa da mu.